Likitan Sabulu da Tukunyar Toka

A Ɗorayi, idan ka tambayi gidan Malam Ashafa sai ka ga mutane suna sosa ƙeya. Amma ka ce gidan Likitan Sabulu, nan take za a nuna maka ƙofar langa-langar da ke kusa da injin markaɗe. Sunan ya samo asali ne daga wata farar riga mai dogon hannu da ya shekara goma sha tara yana sawa a wani kamfanin sabulu da ke Sharaɗa. A ƙa'ida rigar ta cikin kamfani ce, a can ake rataye ta in an tashi. Shi kuwa sai ya hau kekensa da ita ya ratso unguwa, biro uku a aljihun gaba, yana amsa gaisuwa da ɗaga yatsa biyu. Wannan ba ƙage aka yi masa ba, shi da bakinsa yake faɗa, yana faɗa yana dariya har da share hawaye.

Abin da 'yan unguwa ba su sani ba shi ne ainihin aikin da mai rigar yake yi. Sau uku a yini Ashafa zai ɗauki 'yar kwalba ya sauka ƙasa inda manyan tukwanen ƙarfe suke tafasa. Can zai tarar da Markus, wani dogon mutumin Kudancin Kaduna, wanda shi ne mai kula da tukwanen. Markus ya ɗebo masa samfuri, shi kuma ya hau bene ya miƙa wa wani Ba'indiye mai gwaje-gwaje. Ba'indiyen ya ɗiɗɗiga magungunansa ya faɗi lamba, Ashafa ya rubuta a rijista, sannan ya wanke kwalbar. Shi ke nan aikin. Takardar difloma dai yana da ita, ta gaske ce kuma, ya haddace littafi daga bango zuwa bango. Amma a shekara goma sha taran nan, in ji shi, sabulun da ya haɗa da hannunsa bai fi wanda kazar gidansu ta haɗa ba.

Mai haɗa sabulu ta gaske a gidan ita ce mahaifiyarsa, Inna Halimatu Sa'adiya. A ƙauyensu na ƙasar Jahun, da sabulun toka ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi ta saya masa littafi da takalmi har ya zama abin da ya zama. Ashafa ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Alkunya ba ta barin ta yabe shi, ba ta kuma barin ta zauna ta yi doguwar hira da shi. In tana da saƙo sai ta dubi matarsa Aina'u ta ce, "Ki faɗa wa mai gidan nan," ko da kuwa yana tsaye a gabanta.

Da ya sami aiki ya ɗauko ta ya kawo ta birni, sai ta taho da tukunyarta ta tsiyayar toka, wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai huje-huje a gindi. Ashafa ya dubi tukunyar, ya dubi farar rigarsa, ya ji abin bai yi masa ba. Washegari ya dire mata katan guda na sabulun kamfani mai ƙamshi.

"Inna, kun huta," in ji shi. "Wannan baƙin abin na da ne. Me mutane za su ce, a ce uwar Likita tana cuɗa toka?"

Ya ɗauki tukunyar ya cika ta da ƙasa ya shuka na'a-na'a a ciki, yana ta yaba wa kansa dabara, wai ai hujin ma ya yi daidai da fitar ruwa.

Ana nan sai rashin wuta da tsadar dizal suka durƙusar da kamfanin. Aka rufe, aka mai da ginin sito, Ba'indiye ya koma ƙasarsu, Markus ya sami gadi a wata majema a Challawa. Ashafa ya fito da rigarsa da birorinsa uku. Shekara biyu yana zaga gari da takardu a cikin leda. Ya gwada tuƙa a-daidaita-sahu, a kwana na tara ya afka wa teburin mai kankana, mai a-daidaita-sahun ya karɓe makullinsa. Gida ya koma kan ɗinkin hular Aina'u. Wannan ne kawai wurin da in ya zo a labarin ba ya dariya, don ya ce babu abin da ya fi ci masa rai irin ya wayi gari ya ga kowa na fita shi yana gyara zaman tabarma.

Sai ga Hajiya Badi'a, mai wata ƙaramar makarantar firamare a bayan layinsu, tana neman malamin kimiyya. Ɗalibanta yawanci 'ya'yan ma'aikatan Sharaɗa da Challawa ne, masu yin leda da masu jima da masu ɗaukar kaya. Hajiya mace ce da ba ta da kwana-kwana.

"Malam, sunanka na ji na kira ka," in ji ta. "Zango ɗaya zan gwada ka a aji biyar. In na ga abin da ya gamsar da ni, aikin naka ne. In ban gani ba, kowa ya kama gabansa, ba faɗa ba zagi."

Ashafa ya ce ya yarda. Ranar Litinin ya ɗauko farar rigar daga ƙasan akwati, ya sa aka goge ta, ya shiga aji.

Abin mamaki, wanda shi kansa ya fi kowa mamakinsa, sai ga shi ya iya. Littafin aji biyar bai ce a koyar da kabon ba, amma shi ne abin da Malam ya fi sani a duniya, don haka duk inda darasi ya nufa sai ya karkato da shi can. Ranar farko ya zuba sukari a cokali ya ɗora kan kyandir. Yara suka zuba ido, farin sukari ya narke ya yi ja, ya yi hayaƙi, ya koma baƙi ƙirin.

"Wannan baƙin da kuke gani," in ji shi, "sunansa kabon. Tun farko yana cikin sukarin, wuta ce ta kore abokan zamansa ta bar shi. Shi ne a gawayin da ake muku girki, shi ne a bakin fensirinku. Yana cikin tuwo, yana cikin man gyaɗa, yana cikin fatar da ake jemewa a Challawa da ledar da ake yi a Sharaɗa. Ku kanku yana jikinku."

Naomi, 'yar Markus, wadda take zama a layin gaba kuma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta ɗaga hannu. "Malam, me ya sa shi kaɗai yake shiga ko'ina?"

"Saboda hannu huɗu gare shi," in ji Malam. "Ya kama wannan, ya kama wancan, ya kama ɗan'uwansa kabon, su yi ta jeruwa kamar sarƙa."

Don su gane sai ya fito da su tsakar makaranta ya ce kowa ya zama kabon. Da yake Allah hannu biyu ya ba ɗan Adam, sai Malam ya ce a cike da ƙafafu. Yaro talatin da biyu suka harɗe hannu da ƙafa, wani mai suna Usaini ya yi atishawa, duk sarƙar ta zube ƙasa, ta haɗa da Malam da rigarsa. Hajiya ta leƙo ta taga, ta dube su, ta koma. Daga baya aka yi gyara, aka ɗaura wa kowa ɗankwali biyu a ƙugu a matsayin ƙarin hannu.

Da Malam ya tsaya nan da ya zauna lafiya. Amma ranar da ya zo kan sabulu sai tsohon girman kai ya motsa. Ya zana musu ƙwayar sabulu a allo, doguwar jela ta kabon mai son maiƙo, da ɗan kai mai son ruwa. Ya ce ruwa da mai ba sa ga maciji, sabulu ne yake riƙe hannun wannan ya riƙe na wancan ya fitar da datti. Ya ce ana samunsa in an dafa mai da ruwa mai kaifi, irin na soda ko na toka. Yara suka ji daɗi, shi ma ya ji daɗin kansa, har bai lura Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa ba.

"Malam, kai ka iya yi?" in ji Usaini.

"Ni?" Malam ya bugi ƙirji, biro ɗaya ya faɗo. "Shekara goma sha tara! Ko ido a rufe."

"Madalla," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Ranar taron iyaye, Asabar ta ƙarshen zango, sai aji biyar su yi sabulu a gaban kowa. Abin da nake jira in gani ke nan. Amma ban yarda a shigo mini da soda cikin yara ba. Ka yi da tokar da ka faɗa."

Baki shi ke yanka wuya. Saura mako uku.

Malam bai damu ba da farko, don littafi ya ce toka da ruwa da mai, kuma littafi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya je wurin mai shayin bakin titi ya kwaso toka rabin buhu, haɗe da yashi da guntun leda da ɓawon ƙwai. Ya jiƙa a bokiti, ya tace da tsohon ɗankwalin Aina'u, ya zuba man gyaɗa, ya ɗora a wuta a tsakar gida. Ya tsaya a kai da agogo da takarda. Bayan awa uku, ruwa yana ƙasa, mai yana sama, kowa yana harkar gabansa.

Inna tana zaune a tabarmarta a inuwar katanga tana tsinkar zogale. Ta ɗago ta dubi tukunyar sau ɗaya.

"Aina'u," in ji ta, "ki tambayi mai gidan nan in miya yake yi, a miƙa masa kuka."

Aina'u ta shige ɗaki da sauri, ana jin dariyarta ta cikin labule. Malam ya yi kamar bai ji ba. Ya sake gwadawa da manja, abin ya fito kamar an wanke tukunyar alale. A karo na uku ya ƙara wuta, man ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe layin har mai markaɗe ya aiko a tambaya ko lafiya. Kullum Inna tana nan a tabarmarta, tsakaninsa da ita bai fi taku biyar ba. Ita alkunya ta hana ta koya masa, shi girman kai ya hana shi tambaya, mako biyu suka tafi a haka.

Ranar Lahadi da yamma ya hau keke ya tafi Challawa wurin Markus. Ya same shi a bakin ƙofar majema, zaune a benci, warin fata ya cika wurin amma shi ko a jikinsa. Malam ya yi ta zagaye-zagaye, daga baya ya fito fili.

Markus ya yi dariya har benci yana girgiza. "Likita, ni da soda da tururi na saba, tan-tan nake dafawa. Ka ba ni toka da murhu, ni da kai duk ɗaya." Ya tsagaita, ya dube shi. "Naomi kullum sai ta dawo da labarinka. Ta ƙona mini sukarin shayi kaf tana neman kabon. Ban taɓa gaya mata kwalba kake wankewa ba, ba kuma zan gaya mata ba. Amma kai ma ka cika abin haushi. Ba kai ka taɓa ce mini da sabulu tsohuwarka ta yi maka makaranta ba? Malama tana cikin gidanka, ka taho Challawa kana shaƙar wari."

A hanyar dawowa Malam ya ce kekensa ma nauyi ya yi masa. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya tuna da katan ɗin sabulu da maganar da ya yaɓa wa Inna. Amma da ya tuna da tabarmar zaman banza sai ya ga kunyar ta fi sauƙin haɗiya.

Da safe ya je ya durƙusa a gefen tabarmarta. Ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, har Aina'u ta fito ta tsaya tana kallo.

"Inna, ku taimake ni," in ji shi. "Na kasa."

Inna ta ci gaba da jan carbinta, idonta a kan katanga. Can ta ce, "Aina'u, ki faɗa wa mai gidan nan ina son tukunyata."

Malam ya waiwaya ya dubi na'a-na'ar da ta yi shekara da shekaru tana ba shi ganyen shayi. Da hannunsa ya tumɓuke ta, ya zazzage ƙasar, ya wanke tukunyar tas. Inna ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ji ba ta tsage ba, ta jawo ta jikinta. Sannan ta sa Aina'u ta faɗa masa cewa tokar mai shayi ko wanke-wanke ba a yi da ita. Tokar karan gero ake so, tsabtatacciya, wadda ba ta taɓa ƙasa ba.

Haka Likitan Sabulu ya tafi gonakin bayan Panshekara ya roƙi kara, ya ɗauro dami biyu a bayan keke. Hanyar dawowa kuwa dole ta gaban tsohon kamfaninsu take bi. Ya ce ya sunkuyar da kai yana taka feda, karan yana jan ƙasa, masu lodi a bakin sito suna yi masa ihu wai ina akuyoyin.

Inna ta ƙona karan a kan faffaɗan kwano, ta shimfiɗa ciyawa a gindin tukunyar, ta danna tokar a ciki, ta ɗora ta a kan duwatsu uku da ƙwarya a ƙasa. Ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Kwana biyu ruwan yana ɗiga, ja kamar shayi. Ranar Juma'a ta dafa shi har ya ƙafe ya koma rabi, ta tsoma yatsa ta taɓa a kan harshenta, ta yamutsa fuska, ta ce ya yi.

A nan ne Malam ya sake yin wata dabarar irin tasa. Ya ƙudura zai ɗauki ruwan tokar ya kai makaranta, ya ƙarasa aikin a gaban jama'a kamar nasa ne tun daga tushe. Ya ɗauko takarda da biro ya zauna a bayan Aina'u.

"Ki tambayar mini Inna, man kaɗanya nawa ake zubawa?"

"Daidai yadda ruwan zai ci," in ji Inna.

"Minti nawa ake juyawa?"

"Tukunya ta san minti ne? Ki ce masa in ya nuna, hannu zai sani."

Malam ya rubuta: hannu zai sani. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a tsakar makaranta. Iyaye suka cika kujeru, wasu daga aikin kwana suka wuto ko gida ba su je ba. Markus yana layi na biyu. Aina'u ta zo da Inna, suka zauna can baya a tabarmar mata. Aji biyar suka fara da wasan sarƙa, kowa da ɗankwalinsa biyu a ƙugu, Naomi ta tsaya a ƙarshe da shuɗin gyale ita ce kan da yake son ruwa. Suka yi bayani tiryan-tiryan, babu wanda ya faɗi, aka yi ta tafi. Malam ya ji kansa ya yi girma. Ya sa aka ja wa yara layi da alli nesa da murhu, ya zuba ruwan toka da man kaɗanya a tukunya, ya kama muciya.

Rabin awa komai lafiya. Daga nan tukunyar ta fara kumfa, kumfar ta taso, ta kawo baki, ta fara zuba cikin wuta tana cuwa. Malam ya juya da ƙarfi, abin ya ƙara tasowa. Ya saki muciya ya zaro takardarsa. Hayaƙi ya shiga idonsa, baƙin tukunya ya shafe gaban rigar. A takardar babu komai sai hannu zai sani, da layi biyu a ƙarƙashi.

"Malam," in ji Naomi daga bayan layin alli, da muryarta da ake ji har bakin titi, "yanzu me za a yi? Kuma yaya za a san ya nuna?"

Malam ya dubi Markus, Markus ya ɗaga kai yana nazarin rufin rumfa. Ya dubi Hajiya Badi'a, ta harɗe hannu tana jira. Ya ce a wannan lokacin ƙarya guda uku suka zo masa, kowace da turancinta, kuma da ya faɗi ɗaya watakila da ya sha. Amma yara talatin da biyu suna kallonsa, kuma duk abin da ya faɗa musu tun farkon zango sun yarda da shi.

"Ban sani ba, Naomi," in ji shi. Ya juya ga iyaye. "Jama'a, ban sani ba. Shekara goma sha tara na yi a kamfanin sabulu, kwalba nake wankewa, Markus ga shi nan shaida ne. Abin da ke cikin littafi na sani. Wadda ta san abin da ke cikin tukunya tana can baya a zaune. Ruwan tokar nan ita ta yi shi. Da irin wannan sabulun ta yi mini makaranta, ni kuma na shuka na'a-na'a a tukunyarta." Ya dubi tabarmar mata. "Inna, don Allah ku zo."

Inna ta dafa kafaɗar Aina'u ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ratso tsakiyar kujeru ba gaggawa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sunkuya ta zare itace biyu daga murhu, ta yayyafa ruwa da tafin hannu, kumfar ta kwanta nan take. Ta ɗauki muciya ta juya sau uku a hankali, daga gindi zuwa sama. Sai ta miƙa masa muciyar, fuskarta tana wajen yara.

"Wannan hannun," in ji ta, "tun yana shekara bakwai ya iya juyi. Shi yake taya ni. Mantawa ya yi."

Malam ya karɓi muciyar. Ya ce bai san hawaye ne ko hayaƙi ba, ya dai bar wa hayaƙi laifin. Ya juya yadda ta juya, Inna tana tsaye tana gyara wuta da ƙafa. Yara suka yi ta jefo tambaya, ita tana faɗin abin da ake yi, shi yana faɗin dalilin da littafi ya bayar. Wajen azahar ya ji muciyar ta yi nauyi, abin ya daina santsi ya fara kama itacen yana sakewa. Kafin Inna ta buɗe baki ya ce, "Ya nuna." Ta ɗebi kaɗan ta hura, ta taɓa a harshe, ta murza sauran a ƙwaryar ruwa. Kumfa ta tashi fara sol, babu ɗigon mai ko ɗaya a sama. Yara suka kaure da ihu, Markus ya miƙe tsaye yana tafi da manyan hannuwansa.

Da aka watse Hajiya Badi'a ta kira shi ofis. Ya shiga da baƙin tukunya har a goshi, ya riga ya shirya jin sallama.

"Malam, na sha ganin malamin da bai sani ba," in ji ta. "Wanda zai tsaya gaban iyaye ya faɗa da bakinsa ne ban taɓa gani ba. Ka dawo zango mai zuwa, aikin naka ne. Amma ranar sabulu ka taho mana da malamarka, don ba na son gobara."

Shekararsa huɗu ke nan yana koyarwa a can. Na'a-na'ar ta koma cikin gwangwanin fenti, tukunyar kuma tana ɗakin Inna, ba mai taɓa ta sai ita. 'Yan unguwa ba su fasa ce masa Likitan Sabulu ba, sai dai yanzu in an faɗa yakan nuna cikin gida ya ce likitar tana ciki, shi ɗan aike ne.

Rigar kuwa, ranar taron ya cire ta ya cusa a bayan ƙofa, ya ce ta gama aiki. Bayan kwana uku ya dawo daga masallaci ya gan ta a shanye a igiya, an wanke ta da curin baƙin sabulun da aka ba Inna rabonta. Duk baƙin tukunyar ya fita. Inna tana zaune a tabarmarta, hannuwanta sun yi fari saboda wanki. Ya je ya tsaya a gabanta.

"Aina'u," in ji Inna, idonta a kan katanga, "ki faɗa wa malamin nan rigarsa ta bushe. Kada ya je gaban yara da datti."